Tsakanin Hannun Mai Bayarwa da Hannun Mai Karɓa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na masu ba da gudummawa da kwamitocin masallatai

 



A irin wannan zama mun saba lissafa abin da ya shigo da abin da ya fita. Yau ina so mu dubi abin da ke tsakaninsu, wato hanyar da mudun hatsi ke bi daga hannun manomi har ya shiga tukunyar marayu. Akwai fannin ilimi da ya keɓanta da wannan hanya, ana kiransa ilimin tafiyar da aiki. A masana'antu ya girma, daga baya ya bazu zuwa asibitoci da bankuna da duk inda ake yi wa jama'a hidima.

Tushensa mai sauƙi ne. Kowane aiki yana da abin da ake zuba masa, da matakan da ake bi, da abin da yake fitarwa. Masaƙa tana karɓar auduga ta fitar da yadi. Mu kuwa muna karɓar kuɗi da hatsi da lokacin masu sa kai, abin da ake jira mu fitar shi ne mabuƙaci da haƙƙinsa ya isa gare shi a kan kari, cikin mutunci. Aya ta 60 a Suratut Tauba, da ta jera kaso takwas na masu cin zakka, ta sanya ma'aikatanta a cikinsu. Ke nan shari'a da kanta ta ɗauki tarawa da rabawa a matsayin aiki mai buƙatar ma'aikata da tsari.

A shekarar 1913 kamfanin Ford a Amurka ya sauya yadda ake harhaɗa mota. Da can ma'aikata ne ke kewaya mota da kayan aiki. Sai aka mayar da shi motar ce ke tafiya a kan layi, kowa yana tsaye a gurbinsa da aiki guda. Lokacin harhaɗa gindin mota ya sauko daga sama da awa 12 zuwa kimanin awa ɗaya da rabi. Ƙarfin ma'aikatan bai ƙaru ba, jeren matakan ne aka gyara. Mu tambayi kanmu: takardar mai neman taimako, hannu nawa take ratsawa kafin a sa mata hannu, kuma kwana nawa take yi a kowane tebur?

Wannan ya kawo mu ga batu mafi muhimmanci, wanda kowane ɗan kwamitin masallaci ya san shi da idonsa. Komai faɗin masallacin Juma'a, idan aka sallame, ƙofa ce ke yanke saurin fitar jama'a. Ƙara shimfiɗu ba zai rage cunkoso ba, sai an faɗaɗa ƙofar ko an buɗe wata. Haka kowane aiki yake da ƙaramar ƙofarsa. A ce ofis yana karɓar takardu 50 a rana, masu rabo za su iya sallamar mutum 100, amma masu ziyarar gidaje domin tantancewa gida 10 kaɗai suke iya zuwa. To ƙarfin wannan ofis mutum 10 ne a rana, kuma kullum takardu 40 suna hawa kan na jiya. Sayen sabuwar motar rabo ba zai amfana da komai ba a nan. Maganin shi ne kwamitin kowace unguwa ya ɗauki tantance mutanensa, tun da liman da mai unguwa sun fi kowa sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu, a kamfanin Toyota na ƙasar Japan, injiniya Taiichi Ohno ya lissafa nau'o'in asara guda bakwai da ke ɓoye a cikin aiki. Daga cikinsu akwai jira, da jibge kaya fiye da buƙata, da kai-kawon kaya ba dalili, da aikin da sai an sake shi. Mu da muka saba ganin cikakken sito a matsayin albarka, ya kamata mu tsaya a kan na biyun. Zakkar hatsi tana wajaba ne da girbi, idan amfanin ya kai sa'i 300: ɗaya bisa goma ga noman damina, ɗaya bisa ashirin ga wanda aka shayar da wahala. Saboda haka tana shigowa ne a dunƙule da kaka. Malamai sun ƙarfafa gaggauta isar da ita, kuma duk buhun da ya daɗe a sito, ƙwaro da ɓera da danshi suna cin rabon talaka. Hatsin sadaka da na waƙafi da aka ware domin tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, shi ne ya cancanci ajiya. A ɗora shi a kan katako, a rubuta ranar shigarsa, wanda ya fara shiga ya fara fita. Wake kuwa a zuba shi a buhu mai ruɓi uku da ke hana iska shiga, wanda manoma suka sani da buhun PICS.

A Toyota an ba kowane ma'aikaci ikon jan igiya ya tsayar da layi idan ya ga aibi, domin gyara a wurin ya fi arha a kan gyara bayan mota ta fita. Muna da asalin bin diddigi a gida: ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi da ya dawo daga karɓar zakka, ya kuma hana ma'aikaci riƙe kyautar da aka ba shi saboda aikin. Don haka matashin da ke auna hatsi, idan ya ga mudu ya ragu ko suna ya maimaitu a rajista, a saurare shi nan take. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sai dai aikin hidima ya bambanta da ƙira ta fuska biyu. Na farko, ba a ajiye hidima. Yadin da ba a sayar yau ba yana nan gobe, amma zakkar fid da kai ana son ta isa kafin sallar idi, kuma cunkosonta sananne ne tun daga farkon azumi. Wanda ya bar rajista sai daren salla ya riga ya makara. Na biyu, wanda ake yi wa hidima yana tsaye a wurin yana gani. Ƙarfe ba ya jin kunya a layi, amma dattijuwar da ta wuni a rana ana kiran sunanta da lasifika tana ji. A raba wa mutane lokuta, a tanadi inuwa da mazauni, a kai wa tsofaffi da marasa lafiya nasu har gida.

Game da waƙafi, kalma ɗaya ce: gyara kafin lalacewa. Malaman fiƙihu sun gabatar da kula da asalin waƙafi a kan raba amfaninsa, domin idan asali ya rushe ladan mai shi ya yanke. Rijiyar burtsatse ko shagon haya da ba shi da asusun gyara da ranar dubawa, kwanansa ƙidayayye ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Roƙonmu ga kowane kwamiti a shekara mai zuwa shi ne ya riƙa rubuta abu uku: kwana nawa ake ɗauka daga neman taimako zuwa samunsa, mudu nawa ya shiga sito kuma nawa ya fita, da mutum nawa suka zo suka koma hannu rabbana. Ku kuma masu bayarwa, ku tambaye mu waɗannan alƙaluma, haƙƙinku ne.

Allah Ya karɓa daga masu bayarwa, Ya wadata masu karɓa, Ya ba mu ikon sauke amana.