Idan an dakatar da nono ko gujiya, kada maiƙo ya yanke



Likita kan dakatar da nonon shanu ko gujiya na ƴan makonni domin gano abin da ke haddasa wa yaro ƙuraje ko zawo. Sai man shanu da ƙuli-ƙuli su bi su, kunun gero ya koma tsararo, yaro ya rame. Alhali maiƙo ya ninka hatsi ƙarfi fiye da sau biyu, kuma da taimakonsa jiki ke cin moriyar bitamin A na zogale da kabewa.

Daga wata 6, a zuba ƙaramin cokali na manja a kunu, ko dakakken riɗi in likita bai hana ba. Nonon uwa ya ci gaba. Plumpy'Nut kuwa yana ɗauke da gujiya da madara: yaron da ke shan sa, a kai shi asibiti kafin a canza komai.