Koya Wa Yara Wasan Kurket

Ya ku malaman makarantun Lafiya, kurket ba baƙon wasa ba ne a Arewa, gama Sardauna Ahmadu Bello ya buga shi tun yana Kwalejin Katsina. Riƙon sanda da jifan ƙwallo, hannun yaro kan saba da su nan da nan. Natsuwa ce mai wuyar koyarwa. Mai bugu in ya yi kuskure guda aka fitar da shi, ya zama ɗan kallo ke nan. Saboda haka malami ya riƙa gwada yaransa gaban jama'a, cikin hayaniya, tun gasa ba ta zo ba. A 2025, a Malesiya, da maki 2 kacal 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka ka da Niyu Zilan.