Rage Ƙibar Tsofaffi Ba Tare da Rage Musu Ƙarfi Ba



Mun ɗauko tsofaffinmu daga gida mun zaunar da su a falo, muna ganin hutu muka ba su. Da likita ya ce su rage ƙiba saboda ciwon suga, sai muka rage musu tuwo kawai. Alhali kusan kashi 1 cikin 4 na nauyin da ke zubewa ta haka tsoka ce, in kuwa ƙibar ta dawo, galibi kitse ke dawowa. Nan tashi daga tabarma ke fara gagara.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci 'yan shekara 65 zuwa sama da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Mu bar su su taka zuwa kasuwa, mu ƙara musu wake, kifi da nono.