HAWAN JINI, ƁARAWON HANKALIN TALAKA

Iyayenmu da 'yan'uwanmu manoma na Funtuwa da Malumfashi, yau ba maganar ƙuri'a muka kawo muku ba. Maganar wani ɓarawo ce mai shiga gida ba sallama, watau hawan jini.

Duk mai noman rani ya sani, in injin ban-ruwa ya yi ƙarfi fiye da kima, sai ruwa ya cinye ƙananan hanyoyi, shuka ta bushe alhali ga ruwa. To, haka jini ke yi wa ƙwaƙwalwa. In awonsa ya tsaya a 140 bisa 90 ko fiye, ƙananan jijiyoyin cikin kai sai su yi tauri, su ƙuntace. Wata ta toshe, wata ta fashe. In babba ce, shi ne mutum ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, mu ce iska ta buge shi. In ƙanana ne, ba faɗuwa, ba zafi. Sai dai mantuwa, da nauyin tunani, da rikicewar lissafi. Dattijon da ke ƙidaya buhunan masararsa da ka, yau ga shi ana cutarsa a kasuwa, mu kuwa mu ce tsufa ne.

Likitoci sun bincika masu shanyewar jiki a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya. A 2018 suka bayyana cewa wajen tara cikin goma na wannan ciwo hawan jini ne tushensa. Bai kuwa san sarauta ba. Shi ya kashe Roosevelt, shugaban Amurka, a 1945. Amma a 2019 likitocin Amurkan suka nuna cewa saukar da jini sosai yana rage raunin tunani.

Saboda haka, kowane baligi ya je a auna shi, ko da yana jin garau. Gishirin yini kada ya wuce ƙaramin cokali guda, a kuma rage dunƙule da kanwa. Wanda aka ɗora bisa magani kada ya bari don ya ji sauƙi.

Masu mulki kuwa, ga buƙatarmu: abin awon jini da magani mai araha a kowane ɗakin shan magani na ƙauye, da ma'aikaci mai awo ranar kasuwa. Talakan da aka bari hankalinsa ya lalace, ina zai iya neman hakkinsa?

Allah ya ba mu lafiya, amin.