Jira Cikin Bangaskiya



Yau za mu yi magana a kan iyalan da suka ɗauki marayu daga wata ƙasa su zama 'ya'yansu. A watan Satumba na 2013, gwamnatin Kongo ta Kinshasa ta daina ba irin waɗannan yara izinin fita. Kotu ta amince, takardu sun kammala, amma ɗaruruwan yara suka kasa zuwa wurin sababbin iyayensu a Amurka da Turai. Sai ƙarshen 2015 aka fara buɗe musu hanya. Waɗansu sun rasu kafin lokacin.

Iyalan ba su naɗe hannu ba. Sun yi ta addu'a, suna aika kuɗin abinci da magani. Waɗansu iyayen ma suka koma Kinshasa da zama kusa da yaran.

Mai bangaskiya yana jira, yana kuma aiki. Mu ma akwai marayu a ƙauyukanmu. Ba biza suke jira ba, sai tuwo, kuɗin makaranta da ƙauna. Kada mu bar su suna jira. Ubangiji ya taimake mu. Amin.