Damisa A Ƙofar Gida: Darasi Daga Birnin Mumbai

Jawabin da Edita ya gabatar a wani taron manoma da makiyaya



Yau zan yi muku magana a kan zaman mutane da namun daji. Kun dai ga yadda garuruwanmu suke ta faɗaɗa. Inda da ake noma da kiwo, yanzu an yanka fuloti an yi gidaje. Inda da ake zuwa itace, yanzu unguwa ce. To, dabbobin da suke zaune a wurin tun asali fa? Wasu sukan gudu. Wasu kuwa sai su zauna, su zama maƙwabtanmu, ko muna so ko ba ma so.

Domin mu fahimci wannan al'amari, zan kai ku ƙasar Indiya, zuwa birnin Mumbai. Shi ne birnin da ake kira Bombay kafin a canza masa suna a shekarar 1995. Masu kallon fim ɗin Indiya sun san shi, domin a can ne ake shirya finafinai da yawa. Mutanen birnin da kewayensa sun haura miliyan 20.

DAJI A TSAKIYAR GIDAJE

A arewacin birnin akwai wani gandun daji na gwamnati mai suna Sanjay Gandhi. Girmansa ya ɗan haura murabba'in kilomita 100. Wato kamar fili mai tsawon kilomita 10 da faɗin kilomita 10. Gidaje sun kusa zagaye shi. Akwai benaye masu tsawo, akwai bukkokin talakawa. Babban wurin shirya finafinai ma yana bakin dajin.

A cikin wannan daji akwai damisoshi. Da dare sukan fito su shiga unguwanni. A shekarar 2004 hare-harensu sun yi yawa, mutane da dama suka rasa rayukansu. Hankalin jama'a ya tashi. Kowa yana cewa a kama su, a kai su nesa.

AIKIN KYAMARA

Hausawa na yi wa damisa kirari da cewa ƙi sabo. Ba ta son a gan ta, kuma da dare take yawo. To, ta yaya za a san yawanta da halinta? A nan ne hoto ya yi rana.

Akwai wata irin kyamara da ake ɗaurewa a jikin bishiya, daidai tsayin gwiwa, a bakin hanyar da dabbobi ke bi. Ba ta bukatar mutum ya tsaya a bayanta. Tana da wata 'yar na'ura mai jin motsi da ɗumin jiki. Da zarar dabba ta gifta, sai ta ɗauki hotonta da kanta.

Akan ɗaura kyamara biyu suna fuskantar juna, domin a samu hoton dama da na hagu. Dalili shi ne, kowace damisa da irin ɗigon jikinta. Ba a samun biyu masu ɗigo iri ɗaya, kamar dai zanen babban yatsa da muke dangwalawa. Da haka ake gane wannan daga waccan, ba tare da an ƙirga ɗaya sau biyu ba.

Wani masani mai suna Nikit Surve ya yi wannan aiki tare da ma'aikatan gandun dajin. A shekarar 2015 sun ƙirga damisa 35. A 2018 an samu 47. A ƙidayar 2024 kuma an samu 54.

Akwai kuma wani mai ɗaukar hoto, Nayan Khanolkar. Ya ɗana kyamararsa a wani lungu a unguwar Aarey da ke bakin dajin. Sai da ya yi wata huɗu yana jira. Ran nan da dare sai ga damisa ta ratso tsakanin gidaje, tana tafiyarta a natse. Wannan hoto ya ci kyauta a 2016, a wata babbar gasar hotunan namun daji da ake yi a Landan. Gani ya kori ji. Hoton ya nuna wa duniya cewa damisa kan wuce ta ƙofar gidajen mutane suna barci, ta koma daji ba ta taɓa kowa ba. Mutanen ƙabilar Warli da ke zaune a wurin sun daɗe da sanin haka. A al'adarsu suna girmama damisa, sun kuma san yadda za su kauce mata.

ME KE KAWO TA CIKIN GARI?

Amsar ita ce abinci. Inda aka tara shara, nan karnuka marasa iyayen gida da aladu suke taruwa. Inda suka taru, nan damisa za ta biyo su. Kama kare a bakin juji ya fi mata sauƙi a kan bin barewa a daji. Wani bincike da aka fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa karnuka su ne kusan kashi 40 cikin 100 na abincin damisoshin Mumbai. Wato in ta ci abinci sau 10, kusan 4 daga ciki kare ne.

Kun ga ke nan, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Juji shi ne tsagewar bangon.

KAMAWA A KAI NESA BA MAGANI BA NE

Wata masaniya mai suna Vidya Athreya ta yi bincike a yankin Junnar, cikin Jihar Maharashtra, wato jihar da Mumbai take. Tun daga 2001 hukuma ta riƙa kama damisoshi da tarko a gonakin yankin, tana sakin su a wasu dazuzzuka. Kafin a fara haka, hare-haren da ake kai wa mutane kamar 4 ne a shekara. Bayan an fara, sai suka kai 17 a shekara.

Me ya jawo haka? Damisar da ta daɗe a wuri ta san hanyoyinta, ta san inda za ta samu abinci, ta san lokacin da mutane ke fitowa. In aka kama ta, takan firgita, wani lokaci ta ji rauni a cikin keji. In aka sake ta a baƙon wuri, sai ta shiga gararamba tana neman hanyar gida, ga yunwa, ga tsoro. A nan ne take karo da mutane. Wurin da aka ɗauke ta kuwa ba ya zama haka nan. Wata damisar ce za ta zo ta maye gurbinta.

A Mumbai, da aka rage kamawa da saki, aka kuma shiga unguwa-unguwa ana wayar da kan jama'a, sai hare-hare suka ragu ƙwarai. Amma haɗarin bai ƙare ba. A 2022 damisa ta kashe wata ƙaramar yarinya a Aarey da sassafe. Saboda haka har gobe ana ta jan kunnen iyaye.

ABIN DA AKE KOYA WA JAMA'A

Ga shawarwarin da ake ba mazauna bakin dajin:

1. A kwashe shara, kada a bar juji kusa da gida.
2. Kada a bar ƙananan yara su fita su kaɗai da magariba, da dare ko da asuba.
3. Mai fita da dare ya riƙe tocila, ya riƙa magana ko ya kunna rediyo, domin dabba ta ji shi ta kauce.
4. A gina masai a gida. Mutumin da ya tsuguna a daji cikin duhu, damisa na iya ɗaukarsa ƙaramar dabba ce.
5. A shigar da awaki da kaji cikin garke mai ƙofa da rufi.
6. In an ga damisa, kada a yi mata taron dangi. A ba ta hanya, a kira ma'aikatan gandun daji. Dabbar da aka ritsa ita ce mai yin ɓarna.

MU FA?

Wani zai ce, Malam, ai mu ba mu da damisa a bayan gari. Haka ne a wurare da yawa. Amma darasin ɗaya ne. Juji da zubabben hatsi suna tara ɓeraye, ɓeraye kuma suna jawo macizai. Mushen da aka yar a bayan gida yakan kira kura da dila. Birin da aka saba ba shi abinci, gobe da kansa zai shiga rumbu. Kafin mu ce dabba ta addabe mu, mu fara duba abin da muka ajiye mata.

Ku kuma samari masu wayar hannu, ina da magana da ku. In kun ga naman daji, ku ɗauki hotonsa daga nesa. Kada ku jefe shi don ya motsa. Kada ku yaudare shi da abinci. Kada ku shiga tsakanin uwa da 'ya'yanta. Ku tuna da mai hoton nan da ya jira wata huɗu. In kun samu hoton, ku riƙe rana da wurin da kuka ɗauka, ku nuna wa mai unguwa da ma'aikatan gandun daji. Zai taimaka musu su san irin dabbar da kuma hanyar da take bi.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Ina roƙon kowa, in ya koma gida yau, ya zagaya bayan gidansa. Ya duba juji, ya duba garke, ya duba inda yara suke wasa da yamma. Abin da ya ga yana bukatar gyara, ya gyara tun kafin dare ya yi.