Mu Haɗa Saƙon Kasuwancinmu Wuri Guda: Jawabi a Taron 'Yan Kasuwar Goro, Sabo, Shagamu

  

Jama'a, manyanmu a nan sun san lokacin da in za ka tura huhun goro Kano, sai ka je tasha ka ba direba wasiƙa da sallahu, ka zauna jiran amsa kwana da kwanaki. Da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, muka ce wahala ta ƙare. To, sai wata ta taso. Yau maigida na da layi biyu, kowane yaron shago na da nasa, dillali na da nasa, kowa na karɓar ciniki, babu wanda ya san abin da ɗan uwansa ya faɗa.

Ni abin ya ci ni. Wani abokin cinikina na shekara da shekaru ya kira yarona, ya faɗa masa kuɗin ƙwarya. Da yamma ya kira ni, na faɗa masa wani kuɗin dabam. Wallahi bawan Allahn nan ya ɗauka cutarsa muke yi, ya koma wajen wani. Bayan nan wani yaron ya bar ni, ya tafi da wayarsa, lambobin masu sayen kayana duk suna ciki.

Ku dubi bankuna da kamfanonin waya. Suna da cibiya guda ta amsa abokan hulɗa. Ko kira ka yi, ko saƙo ka rubuta, wuri ɗaya yake faɗawa, kuma ma'aikacin da ya ɗauka yana ganin abin da ka taɓa kawowa a baya. Mu ma za mu iya yin haka daidai ƙarfinmu.

Na farko, shago ya zama yana da layi ɗaya, a yi masa rajista da sunan maigida. Shi za a rubuta a allon shago da rasit.

Na biyu, a ɗora WhatsApp Business a kan layin. Tun 2018 ya fito, kuma ana iya jona shi da wasu na'urori har huɗu. Ka ga maigida yana Kano, yaro yana shago, duk suna ganin saƙo ɗaya. Ana sa hoton kaya da farashi, a yi wa wanda ya biya alama, a yi wa mai bashi tasa.

Na uku, asusun banki ɗaya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na 2023 ciniki ya ƙara komawa tura kuɗi ta waya. Kada kaya ya fita sai an duba asusun an ga kuɗin sun shiga, domin akwai alat na jabu.

Na huɗu, kada mu yar da littafi. Duk cinikin da aka ƙulla da baki a waya, a rubuta shi ranar. Ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Ribar ita ce magana ta zama ɗaya, mai saye ya sami amsa da wuri, in yaro ya tafi ciniki ya zauna, kuma zargi ya ragu tsakanin maigida da yaransa. Tsintsiya ma sai an ɗaure ta take shara.

Wanda bai iya ba, 'ya'yanmu 'yan makaranta suna nan, a zaunar da su su koya mana. Allah ya sa albarka a kasuwarmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.